Jan tsumman da na ɗaura wa waya

Shekarun da na yi a Kaduna ina aiki da manyan kwamfutoci, irin masu cika ɗaki, abu ɗaya suka koya mini. Na'ura lamba kawai ta sani. Kowace waya da kafarta, kowace kafa da lambarta. In ka ce mata faifan ajiya yana kafa ta ɗaya, ta yarda, ko da firinta ka soka a wurin.

Da na dawo gida, wata ƙungiyar manoma a Isa ta samu tsohuwar babbar kwamfuta kyauta, aka ce ni za ni haɗa ta. Lokacin 'yan bindiga sun kori mutane daga ƙauyuka. Gonaki sun koma daji, gambar da ake shukawa a kan iyaka ta haɗe da ciyawa. Sai aka riƙa ɗaukar muryar dattawa, kowane ya faɗi inda gonar wane ta tsaya, don ranar komawa. Mahaifina ya faɗi na ƙauyenmu, can bayan Kamarawa, ni na ɗauki muryarsa. Bai kai damina ba ya rasu.

Faifai biyu na sa, ɗaya na kwafar ɗaya, aka kulle su cikin akwatin ƙarfe saboda ɓarayi, wayoyinsu kaɗai ke fitowa ta wata huda. Wata rana ɗaya ya mutu. Aka kawo sabo daga Sakkwato, shugaban ƙungiya ya buɗe akwatin na saka, ya kulle, ya jefa makullin aljihu ya wuce Sabon Birni ta'aziyya. Kafin in fara kwafa hadari ya rufe, batirin sola ya ƙare. Na yagi jan tsumma na ɗaure wayar tsohon faifan mai muryoyin, irin ɗaurin damin gero da mahaifina ya koya mini, na tafi gida.

Washegari da hantsi na tarar da ofis fes. Wayoyin biyu a zare daga kwamfutar, a naɗe, an jera su kan tebur. Baƙaƙe, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Ba tsumma.

Na ƙwala wa masinjanmu kira, wani dattijo da ya tsufa yana shara kamar ana biyansa da lada.

"Baba! Ina jan tsumman da ag ga wagga waya?"

"Injiniya, baƙi za su zo. Ka bar ƙazamin tsumma ga kayan Turawa? Na yas da shi."

Innalillahi! Ni mai saurin fushi ne, kowa ya sani, amma ranar ko faɗan ban iya ba. Na zauna a ƙasa. Wannan tsohuwar na'ura ba ta nuna abin da ke cikin faifai kafin a haɗa su, tambaya ɗaya take yi: daga wace kafa zuwa wace? In na juya su, faifan da ba kome ciki zai shafe mai muryoyin, tas. Jiran makulli kuma ba zai yiwu ba. Da na kunna wa akwatin wuta na kasa kunne a jikinsa, na ji tsohon faifan na ƙas, ƙas, irin ƙarar da ɗan'uwansa ya yi kafin ya mutu, hanyar Sabon Birni kuwa ba kullum take biyuwa ba.

Tsoro na ji, tsoro sosai. Rabin dattawan nan suna kabari. Na hango ranar komawa, maƙwabta tsaye a gona da gatura, ba mai raba su, saboda ni.

Baba ya tsuguna gabana. "Ɗana, ka yi haƙuri. Ai ma da ƙyar na cire shi. Wane irin ƙulli ne haka? Sai da na sa reza."

"Reza?"

Na rarumi wayoyin ina bin su da babban yatsa. Ta farko sumul. Na bi ta biyu har kusa da kai, sai farce ya maƙale a wata 'yar tsaga da ido ba ya gani. Na sake shafawa sau uku. Na ce Baba ya shafa, ya ce lalle nan rezarsa ta zame.

Mai tsagar ce ta tsohon faifan, na soka ta a kafa ta ɗaya, ɗayar a ta biyu. Na rage gudun kwafar don kada tsohon ya wahala, na karanta lambobin da ƙarfi kamar mai biya karatu, na yi bisimilla na danna. Har azahar ina zaune rigata jiƙe da zufa, ina ƙirga ƙas ɗin nan. Baba bai tafi ko cin abinci ba.

Da ta gama, na zare tsohon, na buɗe sabon shi kaɗai, na nemo ƙauyenmu. Sai mahaifina ya yi gyaran murya a lasifika.

"Daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, tamu ta. Daga rijiya zuwa kwari, ta marayu ta, kada wanda ya taɓa."

Ban taɓa sauraron ƙarshen ba sai ranar. Ashe na manta ban kashe na'urar ɗaukar ba. Na ji shi yana laluben takalmansa, ya ce da ni, "To, ka gama? Ka adana shi da kyau. Ni za ni tahiya."