Sunan da Audi Ya Ba da Aro

Audi na kwance igiyar jirginsa a mashigin Mai Wurno sai ya ji ɗan sanda ya kira sunansa har da na kakansa. Rabon da a kira shi haka tun ranar ɗaurin aurensa. Igiyar ta suɓuce daga hannunsa.

Tun yana saurayi yake fiton mutane a kogin nan: maniyyata masu tafiya Gabas da ƙafa, 'yan tsinkar auduga, fatake. Duk baƙon da hukuma ta tare ta ce wa ya san shi, Audi ne ke cewa, "Na tsaya masa." Wannan kalma ita ce dukiyarsa, kuma ba ta taɓa cin sa ba.

Kwanakin baya sai ga Falalu, wani ɗan kasuwa daga Sinnar, da zancen kafa sharika, wato kamfani, ta matsar man riɗi. Kowa ya sayi sahami, wato hannun jari, a raba riba bayan kaka. Jama'a suka ja baya.

Falalu ya ce, "Baba Audi, sunanka kawai za mu ara, a sa ka cikin shugabannin sharika. Girmamawa ce."

Audi ya ɗauka irin tabarmar gaba ce da ake shimfiɗa wa dattijo ranar suna. Ya dangwala yatsa. Da aka ji har da Audi a ciki, mata suka sayar da awaki, manoma suka kawo abin da audugarsu ta bari.

Injin matsar man bai zo ba. Falalu ya ɓace.

Ɗan sandan ya ce gwamnati na binciken sharikun da suka sayar wa jama'a sahami, kuma shugabanni ne ke ɗaukar alhaki. Cikin shugabannin, Audi kaɗai aka samu. Aka hana jirginsa motsi, don da shi za a fara biyan mutane in laifi ya tabbata.

Matarsa Kulu ta ce, "Malam, ka gaya musu ko girshi ɗaya na kuɗin ba ka ci ba?"

"Na gaya musu. Sun ce doka ba ciki take dubawa ba, yatsa take dubawa."

"To shugaba, awakina biyu na ciki. Yaushe za ka biya ni?"

Don ya yi dariya ta faɗa. Bai yi ba.

A kotun Sinnar lauya ya roƙe shi ya ce bai taɓa lamunce wa Falalu ba. Da alƙali ya tambaya, Audi ya dubi matan garinsu da suka cika bayan ɗakin, ya ce, "Na tsaya masa. Don ni suka saya."

Alƙali ya tura maganar Hartum, a tantance ko wanda ya ba da aron suna kuma bai ci komai ba, shi ma zai biya.

Jirgin na nan ɗaure, Audi na kwalfe masa ruwa kowace safiya. Har yau amsa ba ta zo daga Hartum ba.