Ranar da Tabki Ya Ɗauki Masakin Yayata

Akwai rana guda da na san ko tsufa ya kwashe mini sauran ranaku, ita ba za ta bar kaina ba. Kusan shekara talatin ke nan da faruwar abin, amma har yau in na ga ruwa kwance shiru, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

A lokacin ina ɗalibar lise, wato babbar sakandare, a Tawa. Shekarun nan ne da kowa ya zama ɗan siyasa, rediyo ba ta da zance sai dimokuraɗiyya, tukunyar gidanmu kuwa ba ta ma san ana yi ba. Yajin aiki ya cinye mana shekarar karatu: in malamai sun dawo, ɗalibai su fita, in ɗalibai sun dawo, malamai su fita. Da babana ya ga zaman banza nake yi, ga baki ya yi yawa a gida, sai ya tura ni ƙauyen kakata can wajen Kalfu, wai in taya su aikin damina. Allah ya sani ba wani aikin kirki na taya su ba. Tun ina ƙarama nake da tafiyar hankali. A aike ni sayen gishiri, a same ni tsugune ina kallon tururuwa. Duk ƙauyen ba mai kirana sai da 'yar lakwal, wato 'yar boko, kuma ba don yabo ba.

Yayata tana aure a ƙauyen. Tana da jaririya 'yar wata huɗu, wadda ta samu bayan ta binne biyu. Ko atishawa yarinyar ta yi, sai ka ga fuskar uwar ta sake.

Damina ta yi nisa, rumbuna sun ƙare, hatsi bai nuna ba. Saboda haka mata suka koma tabkin da ke bayan gari, su yi wanki, su tsinko bado a ƙara da shi cikin abin da za a ci. Tabkin yana da faɗi, bagaruwa ta kewaye shi. Gefen gabas ruwa ne mara zurfi, nan badon yake. Gefen yamma kuwa, inda muke wanki saboda inuwa, taku kaɗan za ka yi ka faɗa ramukan da maza ke haƙar ƙasar tubali da rani, kowanne ya shanye tsayin mutum. Mu Adarawa kuma mutanen dutse ne. A ba mu tudu mu hau, amma a duk matan da ke wurin nan babu wadda ta iya iyo, maza kuwa suna gonaki masu nisa.

Da hantsi yayata ta juye kayan wanki daga babban masakinta, ta shimfiɗa zane a ciki, ta kwantar da jaririyar da ta yi barci. Ta ajiye masakin a kan yashi mai sanyi, ƙarƙashin bagaruwa, taku biyu daga bakin ruwa.

"Ke 'yal lakwal," in ji ta, "aikinki guda na. Ki kore mata ƙuda. Kak ki tahi duniyat taki."

Na ce to. Na kuma tafi.

Safiyar ce ta ja ni. Sama ta sauko gaba ɗaya ta kwanta cikin tabkin, gizagizai farare a sama, gizagizai farare a ƙasa. Na matsa gefe kaɗan, na zauna a kan saiwa, na ba masakin baya, ina jefa tsakuwa ɗaya-ɗaya. Kowace ta faɗa sai ta haifi zobe, zoben ya haifi wani, su yi ta buɗewa suna lanƙwasa gizagizan har su ɓace. Ina kallo ina tunanin Tawa, da ajinmu da ke kulle, da ko zan taɓa zama wani abu. Abin da ban sani ba shi ne an yi ruwa mai yawa can arewa kafin gari ya waye. Mu ko ɗigo ba mu samu ba, amma ƙorama ta kwaso nasu tana zubawa cikin tabkin. Ruwan yana hawa a hankali, babu ƙara ko kaɗan.

Sanyi na ji a dugadugaina. Na duba, na ga ruwa ya rufe saiwar da nake kai. Na waiwaya. Inda masakin yake babu komai sai ruwa. Can na hango shi, ya riga ya wuce ramukan tubali, yana juyawa a hankali tsakiyar gizagizai, bakin zanen yana lilo.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga mata sun zubar da wanki. Yayata ta afka ruwan da gudu, mata biyu suka riƙe ta a daidai bakin ramin, ruwa ya kai mata ƙirji.

"Wayyo Allah, ɗiyata! Ku sake ni!"

Sai wata ta ce, "Ku jehwa bayanta! Ku koro ta!"

Haka ake yi a ƙauyen tun kaka da kakanni. In ƙwarya ta kuɓuce wa mace a tabki, sai a yi ta jifa da duwatsu bayanta, wai igiyar ruwa ta turo ta baki. Wani lokaci ƙwaryar takan dawo, wani lokaci ba ta dawowa, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba ko jifan ne ya kawo ta ko iska. Ƙwarya ce kawai, in ta kife a ɗauko wata. Nan da nan aka hau jifa. Dutse kuwa ba ya yanke mana a Adar. Yayata ta fito ta fi kowa, da hannu biyu take ɗauka. Ni ma na jefa, guda uku, ina kuka.

A jifa na uku ne na ga abin da ke faruwa. Igiyar ruwan takan taso daga inda dutsen ya faɗa, ta iso masakin, ta ɗaga shi, ta sauke shi, ta wuce ta zo ta fashe a ƙafafunmu. Masakin yana nan inda yake. Abin da ya ƙaru kawai shi ne tangaɗi. Da duwatsu suka yi yawa, igiyoyin suka riƙa haɗuwa da juna, masakin ya karkata har na hango farin cikinsa. Jaririyar ta farka ta tsala kuka.

Sai muryar malaminmu na fizik ta faɗo mini. Darasi ɗaya ne daga cikin 'yan kaɗan da muka samu a shekarar. Mushe, kamar yadda muke kiran malamin, ya shigo da kwanon wanka cike da ruwa, ya jefa toshiyar kwalba a ciki, ya riƙa dangwala yatsa a gefe. Muka ga zobe yana gudu, toshiyar tana hawa tana sauka a wuri guda. Ya ce mana abin da ke tafiya ƙarfin yatsansa ne, ruwan nan miƙa wa ruwan gaba kawai yake yi ya koma mazauninsa. Ranar dariya muka yi masa, don ya jiƙa wandonsa.

"Ku bari!" na ce. "Don Allah ku bar jihwa! Za ku kihe ta!"

Ba wadda ta ko kalle ni. Na kama hannun yayata, dutse na ciki. Ta juyo da ido jawur.

"Ke kis sake ta," in ji ta, "kuma ke za ki hana in ceto ta?"

Ta ture ni na faɗi cikin laka. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta fi faɗuwar ciwo. Kakata ce ta tsaya a kaina. Ita ba ta jefa ko ɗaya ba, don hannunta ba shi da ƙarfin jifa.

"Mi kika hwaɗi, 'yag ga?"

Na san in na kawo mata zancen Mushe da kwanon wanka, na gama. Bayanta na hango wata gonar hatsi a kan tudu, iska na bi ta cikinta.

"Kaka, dubi gonar can. Ba ki ga abu na gudu bisa kan hatsi, daga wanga gehe har wancan? To wane kara yat taɓa barin gindinai? Haka ruwan ga yake. Ƙarhin dutsi ɗai ka zuwa gare ta, shi girgiza ta shi wuce. Ba shi kawo ta."

Ba ta yarda don ni na faɗa ba. Ta kare ido da tafin hannu, ta kalli gonar, ta kalli ruwan. Akwai wani busasshen kara da ke yawo kusa da masakin. Ta zuba masa ido har igiya uku suka wuce ta ƙarƙashinsa. Sannan ta ɗaga murya, muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba.

"Duk wadda tas sake ɗaukad dutsi, ban yahe mata ba!"

Hannaye suka tsaya a sama. Duwatsu suka zube a ƙasa.

Ruwan ya ɗauki lokaci kafin ya kwanta. Amma yanzu jaririyar ce ke girgiza masakin da kanta, tana kuka tana harba ƙafa, kowane harbi sai ya karkata. Yayata ta durƙusa tana cusa yatsu cikin laka. Kaka ta dafa kanta.

"Tashi ki yi mata waƙarta. Hannunki ba shi kai, muryarki na kai."

Waƙar ba wata waƙa ba ce, 'yar guna-guni ce da ta ƙirƙira wa yarinyar, kalma uku ko huɗu da take maimaitawa in tana ba ta nono. Ta fara, muryar na rawa, ta tsaya, ta haɗiye kuka, ta sake farawa. Ban taɓa jin murya ta yi tafiya haka ba. Ta kwanta a kan ruwan ta miƙe, ba abin da ya tare ta. Kukan ya ragu, ya koma shessheƙa. Ƙafafun suka daina harbi. Muka ga wani ɗan hannu ya ɗago sama da bakin masakin, yana buɗewa yana rufewa.

Sai da muka yi shiru sannan muka lura da abin da jifa ya ɓoye mana. Akwai 'yar iska daga yamma, wadda ko gefen kallabi da ƙyar take motsawa, kuma ita tana tura masakin da gaske, kaɗan-kaɗan, zuwa gabas inda badon yake. Kaka ta nuna da haɓa. Muka bi bakin tabkin a jere, mata goma sha wani abu, ba mai magana, ba mai taka ruwa. Yayata na gaba tana waƙa, idonta a kan masakin, ƙaya na shiga ƙafarta ba ta sani ba.

Ban san tsawon lokacin da tafiyar nan ta ci ba. In na tuna ta yanzu, kamar a mafarki nake ganinta. Balbelu uku suka sauka kan bagaruwa suna kallonmu. Wani mazari ya zo ya zauna a bakin masakin, aka tafi da shi. Gizagizan cikin ruwa sun koma daidai, masakin yana ratsa su, ga waƙar nan tana ta zagayawa a kan kalmominta huɗu. Tsoro bai bar ni ba, amma ya yi sanyi, na ji kamar duk duniya ta riƙe numfashi tare da mu. Ina ta cewa a zuciyata, ya Allah, in ka dawo da ita, ka ɗauki karatun nawa, ba na so.

Da muka isa gabas, yayata ta yunƙura za ta shiga. Kaka ta riƙe mata wuyan hannu.

"Dakata. In kin shiga da gudu, ke ma dutsi ta."

Ta tsaya tana waƙa har masakin ya shigo cikin ganyen bado ya maƙale. Sannan ta shiga, tana jan ƙafa a hankali, ruwa iyakar ƙugu. Ta sa hannu biyu ta ɗago 'yarta. Sai a lokacin matan suka fashe, masu kuka na yi, masu guɗa na yi, wata ta zauna daɓas cikin ruwa tana dariya.

Ni na jawo masakin zuwa baki, ina jiran dukan da na san na cancanta. Zanen ya jiƙe sharkaf, kuma a ƙasan masakin akwai ruwa, ya kai cikin ludayi huɗu ko biyar. Yayata ta zo, jaririyar na manne a ƙirjinta tana tsotso. Ta duƙa ta kalli ruwan nan, ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta taɓa shi.

"Sadda tabki yaɗ ɗauke ta, busassa take," in ji ta a hankali. "Wanga ruwa, ni niz zuba mata shi."

Ba ta dake ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba har kwana uku. Na fi son a ce dukan ta yi.

Yarinyar ta rayu, yau ita ma uwa ce. Ni kuwa abin da ranar ta koya mini ya wuce fizik. Na gane cewa in wanda kake ƙauna ya yi maka nisa, duk abin da ka aika yana isa gare shi, ko da bai matso da shi ko taku ɗaya ba. Firgicinka yana isa, natsuwarka ma tana isa. Na raini 'ya'ya huɗu, kuma kowannensu akwai lokacin da ya yi nisan da hannuna ba ya kaiwa. Duk sanda na ji faɗa da ihu sun cika mini baki, sai in tambayi kaina ko wannan zai kawo shi gida ne, ko girgiza shi kawai zai yi. Sau da yawa nakan ajiye dutsen, in sassauta murya, in tafi inda nake zaton zai ɓullo in jira shi.