Tabon da Ke Goshin Ɗanladi

Yaya Binta, wani mafarki na yi jiya da dare, shi ya sa nake rubuto miki. Kin san ni ba matsoraciya ba ce. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nas a imajansi, babu irin jinin da ban taka ba, amma wannan mafarkin kam ya firgita ni. Don girman Allah ki karanta kafin ƙarfe goma.

Bari in fara gaya miki abin da ya faru ido biyu, in ba haka ba ba za ki gane ba. Kin tuna tsarin da kika bar mana kafin ki yi ritaya: in majinyaci ya zo gargara, Musulmi ne a kira ni in laƙanta masa kalmar shahada, Kirista ne a kira Sista Rifkatu ta yi masa addu'arsu. To shekaranjiya da azahar aka kawo mana wani ɗan acaba, tirela ta buge shi, kansa ya bugu sosai. Babu waya, babu katin shaida, babu wanda ya san shi. Likita ya duba ya girgiza kai. Ni kuwa uwar azarɓaɓi, na kalli goshinsa na ga baƙin tabo, na ce wannan tabon sallah ne, ban ko nemi Rifkatu ba.

Ga wani abu kuma. Tun da aka shigo da shi, duk abin da na faɗa sai ya maimaita, kin san yadda masu bugun kai suke yi. Na ce sannu, ya ce sannu. Na ce ja numfashi, ya ce ja numfashi. Da na kawo bakina kusa da kunnensa na yi kalmar shahada, ya biyo ni tiryan-tiryan. Bayan ya cika na sa auduga ina goge masa fuska, sai tabon ya biyo audugar. Ashe baƙin mai ne na kwalta. A aljihun wandonsa kuma muka tarar da 'yar sarƙa mai gicciye.

Daga baya aka gano danginsa, sunansa Ɗanladi. Ubansa Musulmi ne, ya rasu tun yana goye, uwarsa Kirista ce, ita ta raine shi a coci. Yanzu baffansa ya ji labarin ya yi shahada, ya ce gawa tasu ce, za su yi mata sallah. Uwar ta ce ɗanta ne, sai dai a haɗa da ita a binne. Gawar tana mutuware. Shugabarmu ta ce yau ƙarfe goma in zo in faɗa a gabansu abin da na ji da kunnena, a kansa za a yanke.

To ga mafarkin.

Na gan ni a ɗakinmu na imajansi, amma ya yi tsawo, ya yi tsawo, har ba na hango ƙarshensa. Babu siminti a ƙasa, yashi ne mai sanyi, ina tafiya takalmina yana nutsewa. Gadaje duk an gyara su tsaf, babu kowa a kai, amma ledojin ƙarin ruwa suna rataye suna ɗiga cikin katifu. Agogon bangon nan namu da kullum yake latti yana nan, sai dai babu hannu ko ɗaya a jikinsa. Ina jin ƙarar na'urar bugun zuciya, ɗin, ɗin, ɗin, na duba ko'ina ban ga inda aka jona ta ba.

Sai kawai na ga Ɗanladi zaune a kan gado mai taya, ƙafafunsa suna lilo. Babu jini a jikinsa, tas da shi kamar wanda ya fito wanka. Filastar da muke rubuta lambar gawa tana manne a ƙirjinsa, da rubutun hannuna. Tabon yana nan a goshinsa.

Na ce, "Sannu, Ɗanladi."

Ya ce, "Sannu, Ɗanladi."

Yaya, da muryata ya faɗa. Muryata sak, har da 'yar dishewar nan da kike tsokanata da ita.

Sai kawai na ga ina tura gadon. Ban san wa ya ce in tura ba. Tayar gaba tana kuka ƙiii, irin ta gadon nan da muka gaji da kai ƙararsa. Muka wuce wata taga, na hango Rifkatu a ciki tana naɗe bandeji. Na buga gilashin, na ƙwala mata kira har maƙogwarona ya yi zafi. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Bandejin kuwa ba ya ƙarewa, ya taru ya kai mata gwiwa.

Sai kawai ga mu a ƙarshen ɗakin. Inda ƙofar fita take, ƙofa biyu na gani, iri ɗaya, fenti ɗaya. Bayan ta dama ina jin ana tsiyaya ruwa daga buta, da motsin ƙafafun maza suna daidaita sahu, ba mai magana. Bayan ta hagu mata ne suke waƙa a hankali, muryoyi da yawa, amma na kasa kama kalma ko ɗaya. A bakin ta dama wani dattijo yana tsaye yana auna farin yadi da kamu, in ya kai ƙarshe sai ya koma farko. A bakin ta hagu wata tsohuwa tana tsugune tana wanke riga a cikin ɗan kwanon da muke zuba almakashi. Rigar ta fi kwanon girma nesa ba kusa ba, amma ta shige. Ban taɓa ganinsu a zahiri ba, amma a mafarkin na san baffansa ne da uwarsa. Babu wanda ya kalle ni a cikinsu.

Na ce, "Ɗanladi, ina zan kai ka?"

Ya ce, "Ina zan kai ka?"

Raina ya ɓaci, kin san halina. Na daka masa tsawa, na ce, "Kai malam, ka yi min magana, ba wasa na zo yi ba!" Ya mayar min da ita kalma bayan kalma, har da tsawar, fuskarsa kuwa ko gezau. Na sa babban yatsa na goge tabon goshinsa don in huta. Ya fita. Ina duba gilashin ƙofa sai na gan shi a nawa goshin. Na murza, na murza, ya ƙi fita.

Sai kawai na ji bakina yana motsi da kansa, magana tana tasowa, ban san wacce ba ce, na dai san duk abin da ya fito shi zai ɗauka ya tafi da shi. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɓalle filastar da ke ƙirjinsa na manne bakina da ita. Wurin ya yi tsit. Ruwan buta ya tsaya, waƙar ta tsaya, na'urar ma ta yi shiru. Ya daɗe yana kallon bakina yana jira. Da ya ga babu abin da zai fito, sai ya juya kai, ya buɗe baki da wata murya da ba tawa ba, muryar namiji, siririya, ya ce, "Inna."

Tsohuwar ta ɗago. Dattijon ma ya ɗago, yadin ya faɗi daga hannunsa. Ni kuwa garin manne baki na saki gadon, sai ya fara gangarawa shi kaɗai, tayar tana kuka. Na kai hannu in riƙo shi, yashi ya riƙe min ƙafa. Ban ga ƙofar da ya nufa ba. Nan na farka, hannuna biyu a kan bakina, matashina ya jiƙe sharkaf.

Yaya, abin da ya hana ni komawa barci shi ne, wannan kalmar ba mafarki ne ya ƙirƙiro ta ba. Ya faɗe ta. Bayan ya biyo ni shahada na yi shiru, shi ma ya yi shiru, can ya ce "Inna". Na sunkuya zan sake laƙanta masa, yadda kika koya mana in mutum ya yi wata magana bayan shahadar, kafin in buɗe baki rai ya yi halinsa. Ban gaya wa kowa ba. Wallahi ni kaina na ture ta gefe, sai jiya ta dawo min.

Ina tsoron Allah ta kowane ɓangare. In na ce bai san abin da yake faɗa ba, wa ya buɗe min zuciyarsa na gani? Ƙila na hana Musulmi sallar gawa. In na ce ya yi shahada na yi shiru a nan, na ƙwace wa tsohuwa ɗanta da maganar da ni na zuba masa a baki, a kan tabon da auduga ta goge.

Ke kika fi ni sanin aikin nan, kin kuma fi ni sanin fassara. Mene ne ma'anar tabon da ya dawo goshina? Filastar nan, nufinta in kama bakina, ko nufinta sai da na yi shiru aka ji shi? In uwarsa ta dube ni anjima ta ce, "'Yata, me ɗana ya ce a ƙarshe?", wacce zan ba ta, wadda ya karɓa daga bakina ko wadda ta fito daga nasa?

Takwas da rabi ta wuce, Yaya. Na sa kayan aiki, ina zaune a bakin gado, na kasa sa takalmi.