Faifan Babandi a Gonar Akinyele

Duk wanda aka ɗaura wa aure a Sabo cikin shekarun nan, da wuya idan ba Babandi ne ya buga masa kati ba. A nan Ibadan aka haife shi, ɗan wani falken goro ne. Da tafireta ya fara a bakin titin Mokola, kafin ya koma buga katin aure da na suna. Shagonsa na jikin nawa, ni ina ɗinki, don haka na san halinsa kamar yunwar cikina. Mutum ne mai haƙuri da kowa, ban da wanda ya taɓa masa kwamfuta.

Kwamfutar kuwa ta tsufa tukuf. Idan aka kunna ta sai ta gama gurnani kafin ta buɗe ido. Kullum idan zai tashi yakan lulluɓe ta da zanen atamfar matarsa Ashatu, Allah ya ji ƙanta. Mun sha yi masa tsiya cewa ya kai ta gidan tarihi, sai dai ya yi murmushi. Abin da bai cika faɗa ba shi ne, a cikinta akwai bidiyon ranar sunan autarsu, kuma nan ne kaɗai muryar Ashatu ta rage a duniya.

Rigima ta taso ne da firintarsa ta mutu. Ya sayo sabuwa, ita kuma ta ƙi jituwa da kwamfutar. Wani mai gyara da ke yawo shago-shago ya duba, ya ce windo ɗin da ke tafiyar da ita ya tsufa, sai an ɗora sabo. Ya ƙara da cewa idan babu faifan da aka sayo ta da shi, share ta zai yi tas, komai ya tafi. Ni dai na ga bakin mutumin ya fi hannunsa aiki, amma Babandi ya ɗauki maganar da gaske. Ranar ko shayi bai iya sha ba.

Muka birkice shagon, babu faifai. Can sai ya dafe kai. Ashe ƙaninsa Manniru, mai noma a Akinyele, can bayan gari, ya zo da damina ya kwashe tsofaffin faya-fayai, don yakan rataye su a gona su riƙa walƙiya suna korar tsuntsaye. Babandi da bakinsa ya ce masa ya ɗebi duk abin da ke kwalin.

Washegari na rufe shago na raka shi. Ka ga dattawa biyu da furfura suna ratsa masara, suna kama faifai ɗaya bayan ɗaya suna karantawa! Mun kuwa same shi, ɗaure da zare a jikin kara, rana da ruwa sun ɓare masa baya.

Manniru ya ce, "Wallahi Yaya, wannan ya fi saura aiki. Ko tsuntsu ɗaya ba ya sauka a layin nan."

Na fashe da dariya, amma da na dubi Babandi yana goge faifan da bakin rigarsa, sai tausayinsa ya kama ni.

Da muka dawo na matsa masa muka je wurin Saudat, 'yar Ɗanmalam na layinmu, wadda ke da shagon gyaran kwamfuta a Mokola. A cinya ya riƙe kwamfutar cikin keke, naɗe da atamfarta. Saudat ta juya faifan ta yi murmushi.

Ta ce, "Baba, wannan ai ya gama aiki. E ma wori, in ji Yarbawa, kada ku damu, ba na buƙatarsa. Yanzu da filash ake ɗora windo, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Kuma kafin in taɓa komai, sai na kwafe duk kayanku na ajiye gefe."

Ya ce, "Ba za a share ba?"

"Ko an share, suna hannuna. Ku zauna ku gani da idonku."

Ya zauna kuwa, ya tsare ta da ido har ta gama kwafa. Ta ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa, ta soka filash ɗin, ta ɗora sabon windo, ta mayar da kayansa. Mun yi sallar la'asar mun dawo kafin a ƙare. Firinta ba ta ko zo bakinsa ba, bidiyon kawai ya ce a buɗe.

Sai ga tsakar gidansu cike da mata, ga Ashatu da jaririya a kafaɗa. Ta juyo ta dubi mai ɗauka ta ce, "Babandi, ajiye kyamarar nan ka zo ka ci abinci, tuwon zai huce."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya share ido da gefen atamfar. Ni ma, gaskiya, sai da na juya baya. Saudat ta tura masa bidiyon a waya, ta kuma sa masa a wani filash, ta ce kada ya sake barin abu mai daraja a wuri ɗaya.

Ya miƙo mini faifan ya ce in aika wa Manniru abinsa. Sannan ya miƙe, mutumin da tun jiya bai sa komai a baki ba, ya ce, "Tashi mu je mu ci abinci. Ka dai ji abin da Ashatu ta ce."