Katin Jana'izar Kofur Lukmanu

A Garwa, duk wanda ya taɓa raka gawar tsohon soja ya san Kofur Lukmanu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai ɗingishi da ƙafar hagu, wanda yake zuwa a kan wani babur da ya fi wasu 'ya'yansa shekaru, begila rataye a wuyansa, tuta a naɗe cikin farin ƙyalle a bayansa. Shekara goma sha bakwai yana wannan aiki. Ba wanda ya taɓa biyansa, ba kuma wanda yake riga shi isa gidan makoki.

Ba jinin soja ba ne. Kakansa Bakatsine ne da ya zo fataucin yadi ya zauna, ubansa da baffanninsa duk a babbar kasuwa suka tsufa suna auna atamfa. An zaunar da Lukmanu a rumfa tun yana ƙarami, amma Allah bai yi shi don ciniki ba. Mai saye na cewa kaya sun yi tsada, sai ya yarda da shi. Da ya kai shekara ashirin ya tsere ya shiga soja, mahaifiyarsa ta yi wata guda ba ta ambaci sunansa ba. A bariki aka ga yana da numfashi, aka miƙa masa begila, ta zama abokiyarsa.

A barikin ne kuma ya haɗu da Eugène, wani gajeren Kirista ɗan manoman duwatsun Mokolo, mai faɗa kamar zakara. Fillancin Eugène bai wuce na gaisuwa ba, Faransancin Lukmanu kuwa na karɓar umarni ne kawai, don haka da Hausar kasuwa suke hira. A yaƙin Bakasi, ranar da ɓarɓashin ƙarfe ya shiga ƙafar Lukmanu, Eugène ne ya goya shi cikin taɓo tun hantsi har la'asar, yana tafe yana zaginsa wai tuwon gidansu ya yi yawa. Bayan ritaya Eugène ya koma noman shinkafa a Lagdo. Duk Kirsimeti sai bandar kifi ta iso gidan Lukmanu, duk babbar sallah sai cinyar rago ta tafi Lagdo.

Tsofaffin sojojin suna da wata ƙungiya tasu da suke ce wa Amikal. Su suka kafa ta, don sun gaji da ganin ana binne abokansu kamar waɗanda ba su taɓa sa kaki ba. Kowane ɗan ƙungiya yana da katin rawaya, kuma ranar da ya mutu katin nan yana ba shi abu huɗu: akwatin gawa, motar da za ta kai shi garinsu, tuta, da busar begila. In an gama sai a huda katin da ɗan ƙarfe, shi ke nan, an sallami mai shi. Tuta da begila a hannun Lukmanu suke. Da kansa yake wanke tutar, ya goge ta da dutsen guga na gawayi, ko matarsa Ache ba ya bari ta taɓa.

Da farko abin ya yi kyau. Sai tsofaffin da suka kafa ƙungiyar suka yi ta mutuwa, ofis ya faɗa hannun wani Landry, surukin ɗaya daga cikin manya, mutumin da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a talabijin. Ba a daɗe ba ya gano wata kafa. Musulmi ba ya kwana bayan ya cika, ba ya kuma shiga akwati. Kafin katinsa ya isa ofis an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Tuta dai Lukmanu yakan kai ta da gudu ya rufa a kan makara, ya yi busa a bakin maƙabarta bayan an yi salla. Akwatin kuwa, Landry yakan huda katin daga baya ya rubuta an bayar, kwana biyu sai a ga irinsa a shagon wani kafinta a bakin titi. Waɗanda suka rage a sito, albasarsa yake zubawa a ciki don ɓeraye. Kowa ya sani. Lukmanu yakan yi tsaki duk lokacin da ya wuce ƙofar siton, amma bai taɓa cewa komai ba, don yana tsoron a raba shi da begilarsa.

Cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake narkar da kwalta, Eugène ya rasu a wani asibiti a cikin gari. Ya daɗe yana faɗa wa duk mai saurare cewa a kan dutsen garinsu yake so a binne shi, kusa da ubansa, da tuta, kuma Lukmanu ya busa har duwatsu su amsa. Matarsa Georgette ta kwance katin daga cikin ledar da take ajiye takardun baftismar yara, Lukmanu ya ɗauke ta a babur suka nufi ofis.

Landry yana cin gyaɗa. Ya karɓi katin da yatsu biyu, ya ɗaga shi sama, haske ya ratso ta wata 'yar huda a gefe.

"Maman, mes condoléances, sannu da rashi," in ji shi. "Amma wannan mutumin an binne shi tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce."

Georgette ta dubi Lukmanu, ba ta gane ba.

Lukmanu kuwa ya gane. Shekarar da ruwa ya ci garin Maga, wani abokinsu mai suna Dimitri ya mutu a can, ambaliya ta tafi da katinsa tare da duk abin da ya mallaka. Eugène ne ya miƙa nasa katin aka huda, don kada a nannaɗe Dimitri a tabarma. Shugaban ƙungiya na lokacin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "In ranarka ta zo mun san da kai." Magana ce ta sojoji, ba wanda ya ga dalilin rubuta ta. Shugaban ya mutu, maganar ta bi shi.

Lukmanu ya kwashe duk wannan ya gaya wa Landry, tiryan-tiryan.

"Papa, ni ban san Dimitri ba," in ji Landry. "Le registre na sani. Littafi ya ce an ba Eugène akwati, an ba shi mota, an busa masa. Kai ma ka busa. Mutum ba ya mutuwa sau biyu."

"Sakatare, akwati bakwai na gani a sitonka."

"Kowanne da mai shi."

"Albasa ce mai su?"

Landry ya ɓare wata gyaɗar, ko a jikinsa. Ya tura katin gaban Georgette ya ce ta yi haƙuri.

Kwana huɗu Lukmanu yana yawo. Ya je gidan surukin Landry aka ce yana barci, ya koma aka ce ya yi tafiya. Ya tara tsofaffin sojoji shida suka je ofis da hulunansu da lambobinsu, suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Georgette kuwa tana zaune a ƙarƙashin wata dogonyaro a bakin ɗakin ajiye gawa, ba ta ci, ba ta tashi. Ana ɗauke wuta da rana, injin wutar asibitin ba ya jurewa. A rana ta huɗu, tun daga bakin ƙofa Lukmanu ya ji abin da hancinsa ya sani tun Bakasi. Mai kula da ɗakin ya ja shi gefe ya ce in jibi ta yi ba a ɗauke shi ba, za a sa shi a ramin da ake sa waɗanda ba su da kowa.

Lukmanu ya tsaya a rana yana kallon ƙasa. Mutumin da ya goya shi wuni guda cikin taɓo yana lalacewa a bayan wannan ƙofa, albasa kuma tana kwance lafiya a cikin akwati. Ya ji ƙyamar ofishin, ya ji ƙyamar garin, ya fi jin ƙyamar kansa da ya yi shekaru yana tsaki kawai.

Ya koma gida ya buɗe tsohuwar adakarsa. Ache tana tsaye a bakin ƙofa ta ga ya ciro katin rawaya.

"Malam, naka ne fa."

"Me zan yi da akwati, Ache? Yadi biyar ya ishe ni."

"Tutar fa? Busar fa? Kai da ka yi wa kowa."

Lukmanu ya rufe adakar. Ya sa katin a aljihu ya tayar da babur.

Wannan karon ya tarar da Landry, don ya tare shi ne tun kafin ya buɗe kwaɗo. Ya ajiye katin a kan tebur ya ce a huda. Landry ya ɓata fuska, ba don tausayi ba: katin Musulmi akwati ne da yake jiran shiga shagon kafinta, ga shi zai tafi a banza. Ya yi ta juya katin, can sai fuskarsa ta saki.

"D'accord, Papa. Amma ka san doka. Wanda aka huda katinsa ya fita daga jerin masu rai. Kayan Amikal kuma ba sa zama a hannun wanda ba ɗan ƙungiya ba. In kun dawo, tuta da begila a nan za su kwana."

"Wa zai busa?"

"Akwai busar a wayata. Da 'yar lasifika ta fi taka fita."

Lukmanu ya dube shi har sai da Landry ya kawar da ido. Sannan ya ce, "Huda." Ƙarfen ya yi ɗan ƙara, wani ɗan guntun rawaya ya faɗo a kan tebur kusa da ɓawon gyaɗa.

Da hannunsa ya kwashe albasar daga akwatin, wasu sun ruɓe sun manne a katako. Ya wanke da sabulu sau uku, ya shanya a rana, warin bai fita duka ba. Da ya dawo ɗauka sai ya tarar an rubuta a murfin da farin fenti, manyan baƙaƙe: CAPORAL LUKMANU. Landry ya ce sunan kati da na akwati dole su zama ɗaya, saboda masu bincike a hanya.

Suka tashi da safe. Motar ta tsaya inda hanya ta ƙare, maza suka ɗauki akwatin a kafaɗa suka hau dutse ta tsakanin gonakin dawa da aka jera da duwatsu hawa-hawa. Lukmanu yana biye da ƙafarsa mai ciwo, sau biyu yana zama ya huta. A bakin kabari, bayan fadan coci ya gama addu'a, aka yaye tutar, sai sunan ya bayyana. Waɗanda suka iya karatu suka fara raɗa. Kunya ta rufe Lukmanu, ya zaro wuƙarsa ya durƙusa zai kankare.

Georgette ta riƙe masa hannu.

"Bar shi, Kofur," ta ce. "Dimitri yana can Maga da sunan mijina. Shi kuma ya kwanta da naka. Ba zai ce bai san mai shi ba."

Ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya sa begila a baki. Farkon busar ya fito da rawa. Daga nan ta miƙe, ta tafi, dutsen da ke gabansu ya dawo da ita, na bayansa ma ya dawo da ita. Yana busawa yana kallon ƙasa tana rufe sunansa, baƙi ɗaya bayan ɗaya.

Kwana uku bayan haka ya kai kayan ofis. Tutar a wanke, a goge, begilar tana ƙyalli. Landry bai ko ɗaga kai ba, ya nuna masa saman wata durowa da haɓa. Da wata ya zagayo Lukmanu ya bi ta gaban ofishin, sai ya ga an rataye tutar a taga don tare rana, gefenta ɗaya har ya fara koɗewa. Bai tsaya ba. Ya tofar da yawu ya ƙara wa babur wuta.

Har yanzu yana zuwa jana'izar tsofaffin sojoji, kuma har yanzu shi ne na farko. Yana tsayawa can baya hannu wofi. In aka kunna busar a waya, wani lokaci kira ya shigo ya katse ta a tsakiya, sai ya runtse ido ya jira a gama.

Rannan da yamma suna zaune a tsakar gida, Ache tana tsince shinkafar da Georgette ta aiko daga Lagdo, ta tambaye shi ko ranar da ta Allah ta kasance yana so a je a roƙi ofis su ara tutar, ko na awa ɗaya ne.

"Kada wanda ya taka ƙofar nan saboda ni," in ji shi. "Littafinsu ya ce an riga an binne ni a kan dutse, da tuta da busa. Jana'iza ce mai kyau, Ache. Ina wurin."