Baba Kanta da Indo Biyu

Kafin mai shara ya gama tsakar asibiti, Baba Kanta ya riga ya jingine motonsa, babur ɗin nan nasa, ya buɗe biro, wato ofishinmu, ya kaɗe ƙurar dosiyoyin ma'aikata. Shekara talatin yana riƙe da takardun ma'aikatan lafiya na Madarunfa: wa ke hutu, wa aka tura Safo, wa ya kusa ajiye aiki. Da aka kawo ordinata, na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya koya, amma takarda ko ɗaya bai yar ba, duk ya adana su cikin kwalaye. 'Yan biro suka sa masa suna Sarkin Kwali. Ni ban cika magana ba, amma da ni aka yi dariyar.

Bara aka ba ni gyaran sunaye cikin ordinata. Na ga Indo Mamman sau biyu, duka ungozoma, duka haihuwar ɗaya ga Janairu, don kuwa haka ake rubuta wa wanda bai san ranarsa ba. Na ɗauka mutum ɗaya ce, na goge guda. Kunyar tambaya ta hana ni tambaya.

Bayan wata biyu sai ga Indo ta garin Gabi. An ce mata babu ita cikin ma'aikata, za a turo wata wurinta. Shekara ashirin da shida tana karɓar haihuwa!

Ta ce, "To Kanta, 'ya'yan da na yanke wa cibi fa? Aljana ta karɓe su?"

Babban likita ya ɗaga murya: "Wa ya taɓa wannan?"

Ina zaune a teburina bayan ƙofa. Ordinata na nuna wanda ya goge. Baba Kanta ya gani, ya rufe shafin.

"Biro nawa ne, likita. A ba ni lokaci."

Cikin kwalayen nan da muke wa dariya ya zaro dosiye biyu. "Wagga ta Gabi, bahaguwa ce. Waccan ta garin Sarkin Yamma, mai tsoron hawan moto." Sau uku ya je Maradi cikin ruwan damina kafin sunan Indo ya dawo. Takardar gargaɗi kuwa shi aka rubuta wa, ita kaɗai a duk aikinsa. Ni abin da ya ce mini kawai: "Ɗiyata, gobe ki tambaye ni."

Juma'a zai ajiye aiki. Baba, kai ne ka san kowane suna da fuskarsa. Kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba, ka ci gaba da amsa gaisuwata da fara'a. Allah ya saka maka. Masu riƙe da sunayen mutane, ku yi irin tasa, kada ku yi irin tawa.

Jiya na kai wa likita takarda, na roƙi a cire gargaɗin nan daga dosiyenka a sa cikin nawa.

Inna Indo, ni ce na goge ki. Larai ce, mai zama bayan ƙofa.