Kawu Mai Gilashi da Tagar Asibiti

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsaka da shanya tufafi sai waya ta yi ƙara. Babbar 'yarka ce. Ta kasa haɗa magana, da ƙyar ta ce, "Yaya, Baba ya tafi." Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa, kuma gare Shi dukkanmu za mu koma.

Kawu, a gida kai ne ƙanin mahaifiyata, autan ɗakinsu. A layin da shagonka yake kuwa ba wanda ya san ka da wani suna sai Mai Gilashi. Masu ɗaukar hoto suna da yawa a wancan zamani na fim, amma kai ne kake yawo da gwangwani cike da ƙananan gilasai masu zobe, waɗanda ake ɗaurawa a bakin kyamara don su tace haske. Ku kuna ce musu filta. Akwai rawaya, akwai ja, akwai kore, kowanne naɗe a cikin ƙyallensa. Ka taɓa nuna mini hotuna biyu na gini ɗaya. A na farko sama ta fito fari fat kamar takarda, a na biyu ga gajimare nan ɓaro-ɓaro, har mutum ya ji kamar za a yi ruwa. Ka ce mini bambancinsu jan gilashi ne kawai. Mutane sun sha ƙorafin jinkirinka. Ango zai yi ta murmushi har haƙoransa su bushe, kai kuwa kana can kana hura gilashi kana gogewa. Amma in hoton ya fito, mai ƙorafin ne yake fara kawo maka ɗan'uwansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shekarar da wata cutar huhu mai yaɗuwa ta kama mahaifina. An killace shi a ɗakin ƙarshe na asibiti, ba mai shiga sai ma'aikata. Ni kuma ina da tsohon ciki, ko farfajiyar ma da ƙyar aka bar ni na shiga. Ɗakin yana da babbar taga ta gilashi wadda ba a buɗewa, an kuma gitta ƙarfe a gabanta don kada masu ziyara su matsa kusa. Lokacin ziyara da rana tsaka ne. Ni da Inna, mahaifiyata, mukan tsaya a bayan ƙarfen mu zura wa tagar ido, ba abin da muke gani sai bishiyoyin da ke bayanmu da fuskokinmu. Inna takan ɗaga wa gilashin hannu, ta jira, sannan mu juya gida. Ma'aikaciyar jinya kullum cewa take da sauƙi. Inna ba ta yarda ba. Ta daina cin abinci, ta fara zargin akwai abin da ake ɓoye mata.

Wata rana ka raka mu. Ka dubi tagar, ka matsa hagu, ka matsa dama, ka ɗaga kai ka dubi rana. Washegari muka tarar ka riga mu zuwa, da jakarka a kafaɗa. Ka janye mu daga saitin tagar, ka tsayar da mu a karkace, sannan ka warware wani gilashi mai duhu-duhu da ban taɓa gani ba. Ka ce wannan ba ruwansa da launi, aikinsa kashe ƙyalli. Ka sa shi a hannun Inna.

"Yaya, rufe ido ɗaya ki duba ta nan. Ki riƙa juya shi a hankali, kada ki yi gaggawa."

Ta juya, ta sake juyawa. Sai na ga hannunta ya tsaya cak.

"Ga shi nan," in ji ta. "A zaune yake. Hannu yake ɗago mini."

Daga baya ma'aikaciyar ta gaya mana cewa kullum haka yake yi. Da lokacin ziyara ya yi sai ya lallaɓa ya tashi zaune, yana ganinmu tar daga ciki, yana ɗaga hannu har ya gaji, yana mamakin me ya sa muke kallon gefensa. Inna ta daɗe da gilashin a ido, hawaye na bin kumatunta. Da ta sauke shi, abin da ta fara tambaya shi ne wa ya yi wa mijinta wannan mummunan aski. Muka yi dariya muna kuka, har kai ma ka juya baya kana goge ido.

Mahaifina tela ne, bai taɓa yarda ya tsaya an ɗauke shi hoto ba, kullum cewa yake ɗinki na jiransa. Ranar ka aika ma'aikaciyar ta nemi izininsa, ya gyaɗa kai. Ka bayyana mana cewa gilashin yana cin haske, ɗakin kuma da duhu, don haka ka kafa kyamara a kan ƙafafunta ka roƙi a ce masa kada ya motsa. Ya gyara wuyan rigarsa, ya tsaya kamar soja. Da ka gama, ka kwance gilashin ka mayar wa Inna, ka ce ta riƙe har a sallame shi. Sai bayan shekaru matarka ta gaya mini cewa shi kaɗai kake da shi, kuma a tsakanin nan ka mayar da ayyukan da ba sa yiwuwa sai da shi, ba ka taɓa faɗa wa kowa dalili ba.

Ba a sallame shi ba. Ya rasu kafin na haihu. Amma Inna ta ga mijinta kowace rana har ƙarshe, shi ma ya san ta gan shi. Ɗana kuwa ta wannan hoton ya san fuskar kakansa.

Da zamani ya juya, kowa ya koma ɗaukar hoto da waya, shagonka ya yi shiru. Ba ka yi ɗaci ba. Ka ci gaba da wanke fim ga 'yan tsirarun da suka rage, wanda ya zo tambaya kuma ka zaunar da shi ka koya masa. Da yanar ido ta rufe maka gani a ƙarshe, mun zo dubiya a damu, sai ka ce mu kwantar da hankali, kai ma an ɗaura maka naka filta ne, matsalar kawai ba ka gano inda ake kwance shi ba.

Ni aka ɗora wa kai wa Inna labarin rasuwarka. Sai ta ce, "Ni na goya shi. Ban zaci shi zai riga ni ba."

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, da matarka da ta yi jinyarka ba gajiyawa, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan sana'arka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Kawu, Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa alherin da ka yi a ɓoye ya tarbe ka. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.